Yadda Ake Tafiyar Yini Guda Don Ganin Baƙuwar Agwagwa Mai Farin Ido a Dagona

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shamuwa. Da ta sauka a kan kuka ko tsamiyar gari, manomi ya san lokacin sharar gona ya yi, sai ya fara neman iri. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, idan shamuwa ta tattara ta yi kudu a ƙarshen damina, wasu baƙin ne suke maye gurbinta, su kuma daga arewa suke, daga Turai da Asiya, sun tsallako teku da hamadar Sahara suna gudun ƙanƙara. Ɗaya daga cikin manyan masaukansu a Nijeriya ita ce fadamar Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa a ƙasa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, su nufi tafkin Cadi. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 370 a wannan yanki.

Cikin baƙin akwai wata 'yar agwagwar ruwa da ba kowa ke dacewa da ita ba. Jikinta ja ne mai duhu, kamar goron da aka fasa ya sha iska, namijin kuma idonsa fari tas. Masana suna kiranta Aythya nyroca, kuma da wannan suna za ka nemo hotonta a intanet. Tana ƙyanƙyasa a gabashin Turai da tsakiyar Asiya, a ƙasashe irin su Romaniya da Hangari, sannan ta zo ta yi hunturu a wajenmu. Yawanta ya ragu a duniya saboda ƙafar da fadamu da kuma farauta, har an sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke dab da shiga haɗari. Na nemi ganinta sau biyu kafin Allah ya nufa, kuma abin da na koya a tafiye-tafiyen nan shi zan shimfiɗa a nan, daki-daki.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Baƙin suna fara sauka ne daga Oktoba zuwa Nuwamba, su fara komawa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris. Ni dai na fi son tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu. Dalili kuwa, a farkon zuwansu ruwa yana ko'ina, tsuntsayen sun warwatsu, sai ka yini ba ka ga abin kirki ba. Idan ruwa ya fara janyewa sai su taru a 'yan tafkunan da suka rage, a nan ne ido ke samun abin gani. Matsala ɗaya ita ce hazo. Ranar da buji ya taso, mita ɗari biyu ma ba ka iya bambance agwagwa da kututture. Saboda haka kada ka ɗaure kanka da rana guda tun wata guda kafin tafiya. Ware ranaku biyu ko uku, ka zaɓi wadda gari ya washe.

Mataki na biyu: nemo labari daga bakin mutanen wurin

Wannan shi ne ginshiƙin tafiyar, kuma shi mutane suka fi rainawa. Tsuntsu ba ya zama jiran kowa. Inda aka gan shi bara, bana wataƙila shinkafa ce a wurin, ko busasshiyar laka. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, yadda ruwa ke malala a fadamar ya sauya, wata shekara ya cika, wata ya gaza. Ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar jan-baki masu yi wa hatsi ɓarna. Duk taswirar da ke cikin wayarka ba za ta gaya maka inda ruwa yake a makon nan ba. Masunci ne zai gaya maka.

Wurare uku aka fi sani: tafkin Nguru da mashigin Marma, wanda shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, a shekarar 2000, sai Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta jihar Jigawa, sai Dagona a ƙasar Bade ta jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa. Waɗannan biyun na ƙarshe sun shiga jerin a 2008. Na zaɓi Dagona ne don wuri ne da aka keɓe musamman domin tsuntsayen ruwa, yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi, akwai ma'aikatan gandu da suke ganin tsuntsayen kullum. Wurin ya yi suna tun 1989 da Yarima Philip na Ingila ya kai ziyara.

Mako guda kafin tafiya, nemi lambar wani ma'aikacin gandun ko wani ɗan gari, ka tura masa hoton agwagwar ta WhatsApp. Kada ka tambaye shi da suna, sunan littafi ba zai amfane shi ba. Tambaye shi da kama: "Akwai wata ja mai nutso, ƙasan wutsiyarta fari, kun gan ta bana? A wane ɓangare? Da safe ko da yamma?" Sannan ka sake kira ana gobe tafiya. A nan ne kuma za ka tambayi lafiyar hanya, da kuɗin shiga, da ko ana buƙatar kwalekwale. Maganar tsaro kada ka yi mata ƙiyasi daga nesa. Idan mutanen wurin suka ce a dakata, to a dakata.

Mataki na uku: kayan tafiya

Abu na farko madubin hangen nesa mai ido biyu. Za ka ga an rubuta lambobi a jikinsa, kamar 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke tara haske. Wannan ko 10x42 ya wadatar. Kada ka ruɗu da masu manyan lambobi da ake sayarwa a bakin titi. Duk yadda ƙarfin kusantowa ya ƙaru, haka rawar hannunka ke ƙaruwa a cikin gilashin, sai ka ƙare da ciwon kai. Idan ba ka da shi, ara. Idan akwai mai babban madubi mai ƙafa uku a cikinku, to kun more, domin agwagi sukan zauna can tsakiyar ruwa.

Saita madubin tun a gida. Buɗe shi ko matse shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Rufe idon dama, ka murza abin tsakiya har rubutun wani allo mai nisa ya fito sarai. Sai ka rufe na hagu, ka murza ƙaramin zoben da ke gilashin dama har shi ma ya fito. Shi ke nan, daga nan abin tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Ka yi kwana biyu kana gwaji da kurciyoyin unguwa: ka kafa ido a kan tsuntsun, ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Wanda bai saba da wannan ba, kafin ya laluɓo tsuntsu a cikin gilashi ya riga ya tashi.

Tufafi kuwa, a bar farar shadda a gida. Sa mai launin ƙasa, ko toka, ko kore mai duhu, wanda ba ya ƙara idan kana tafiya. Sanyin asuba a bakin ruwa cikin Janairu yana shiga ƙashi, amma kafin azahar rana ta buɗe, don haka ka sa rigar sanyin da za ka iya cirewa. Ɗauki malfa, da hirami ko rawani saboda ƙura, da man kaɗanya don leɓe da ƙafa. Takalmi ya zama rufaffe, in da hali na roba mai tsawo. Kada ka shiga ruwan nan da ƙafa tsirara, akwai tsargiya a irin wannan kwantaccen ruwa.

Sauran su ne ruwan sha isasshe, da dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, da ƙaramin littafi da fensir, da waya cike da caji, da katin shaida, da kuɗi canji a hannu. Ka sauke hotunan tsuntsayen a waya tun kana gari, domin sabis yakan ɗauke. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye kyauta ce, tana taimakawa, amma sai ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu tukuna.

Mataki na huɗu: hanya

Gaskiyar magana, wanda yake Kano ba zai taso da asuba ya riski safiyar Dagona ba. Tafi ana gobe, ta Gumel da Malam Madori, ka kwana a Nguru ko Gashuwa, yinin kallon ya fara daga can. Kada ka yi tafiyar dare. A shingen jami'an tsaro, madubi da kyamara sukan jawo tambaya, kuma suna da hujjar yin ta. Ajiye su cikin jaka, idan an tambaya ka faɗi gaskiya cikin natsuwa, ka nuna hotunan tsuntsaye da lambar ma'aikacin da ke jiranka. Da an sallame sallar asuba kuma gari ya fara wayewa, a kama hanya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Mataki na biyar: gaisuwa kafin kallo

Kada ka sauka daga mota ka nufi ruwa kai tsaye. Fara da ofishin gandu, ka biya abin da ake biya, ka karɓi rasit, a haɗa ka da ɗan jagora. Idan wurin da za ku yana wajen gandun ne, a gefen wani ƙauye, to a je a gaida bulama ko mai gari. "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, tsuntsayen ruwa muka zo kallo, ba harbi ba." Minti goma ne, amma shi zai sa mai gonar da za ka ratsa ya kalle ka da idon rahama. Ka tuna fadamar nan abincin mutane ce: ga masunta, ga manoman shinkafa, ga masu noman rani, ga Fulani da shanunsu. Kada ka taka shuka, kada ka taɓa koma ko tarkon kifin wani, kada ka ɗauki hoton mata a bakin ruwa.

Idan za ku hau kwalekwale, a yanke kuɗi tun a tudu, kuma ka gaya wa mai tuƙi a fili cewa ba ka son a kusanci garken har ya tashi. Shi a ganinsa kyautatawa ce ya kai ka tsakiyarsu.

Mataki na shida: yadda ake tunkarar ruwa

A nan tafiyata ta farko ta lalace. Mun iso rana ta riga ta ɗaga, ga agwagi sun rufe wani lungu na tafkin, da yawan da ban taɓa gani ba. Wani abokin tafiyarmu, cikin farar riga, ya haye kan tudu yana nuna su da hannu yana kiranmu. Kafin in ɗaga madubi sai na ji wata ƙara kamar iska ta shiga rufin kwano, duk suka tashi, suka yi gabas. Ba su dawo ba har muka bar wurin. Abin da ya fi damuna daga baya ba asarar kuɗin mota ba ne. Tsuntsun da ya keto Sahara, abin da ya kawo shi shi ne ya ci ya huta, ya tara kitsen da zai mayar da shi gida a Maris. Duk tashin da ka sa ya yi a banza, daga guzurinsa ka ɗiba. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, kuma ban ga dalilin da zai sa a cire wannan baƙon daga ciki ba.

To ga yadda ake yi. Sa rana a bayanka: da safe ka tsaya ta gabashin ruwa kana duban yamma, in ba haka ba baƙin inuwa kawai za ka gani, babu launi. Kada ka tsaya a kan tudu inda sararin sama zai fito da siffarka. Bi ta gindin bishiya ko bayan ciyawa, a hankali, kana tsayawa. Kada ka miƙe musu kai tsaye, ka yi kamar wucewa za ka yi ta gefe. Waya a kashe mata ƙara, magana a yi ta da raɗa. Kuma ka karanci tsuntsayen: idan suka daina kiwo, suka miƙe wuya, suka fara iyo suna nesa da kai, ka kai iyaka. Zauna a nan. Bayan minti goma sha biyar ko ashirin za su manta da kai, wasu ma su matso da kansu. Ka yi hattara da zakaran ƙeƙuwa, shi ne ɗan sandan fadama, da ya fara kururuwa kowa ya san ka iso.

Mataki na bakwai: tace garken

Kafin ka gane baƙo sai ka san 'yan gida. Kirinjijiya ga ta nan da farar fuska da dogon wuya, tana fito. Ga dinya, ƙatuwa, baƙa da fari. Ga zalɓe tsaye shiru a gefe, ga balbela a bayan shanu, ga jinjimi. Cire waɗannan daga lissafi. Daga cikin baƙi, waɗanda suka fi yawa wasu ƙananan agwagi ne masu ruwan ƙasa, waɗanda namijinsu yake fito da farin layi a saman ido zuwa ƙeya idan Fabrairu ta kama. Akwai kuma mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Duk waɗannan a saman ruwa suke kiwo, ko su tsoma kai su bar gindi a sama.

Wadda kake nema nutso take yi, ta ɓace gaba ɗaya, ta ɓullo a wani wurin. Ba ta cika son fili ba, ta fi son inda bado ya yi yawa ko gefen ciyawa. Fara daga hagun garken, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har dama, ka sake dawowa, ka kuma sakewa, domin sa'ad da ka wuce ta farko wataƙila tana ƙarƙashin ruwa. Alamu huɗu za ka haɗa: jiki ja mai duhu, bayanta ya fi duhu, farin tabo tas a ƙarƙashin wutsiya, wanda sau da yawa shi ido ke fara kamawa daga nesa, farin ido, idan namiji ne, don ta macen idonta ruwan ƙasa ne kuma jikinta bai kai nasa ja ba, sai farin layi mai faɗi a tsawon fiffike da farin ciki idan ta tashi ko ta miƙe tana karkaɗe ruwa. Tsawonta bai wuce santimita 40 da 'yan kai ba. Alama ɗaya ba ta isa ba. Akwai 'yar'uwar kirinjijiya mai jan jiki da kan ruɗi mutum, amma ita wuyanta dogo ne, da fararen zane a haƙarƙari. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai nutso, wanda bai kai ta girma ba.

Ranar da na gan ta, mun fi awa biyu zaune a gindin wata bishiya. Wani dattijon masunci da ke gyaran komarsa kusa da mu, wanda tun zuwanmu ban da amsa gaisuwa bai ce uffan ba, shi ne ya ɗaga haɓa ya nuna wani lungu. "Malam, duba bakin badon can. Mai nutson nan tana fitowa in rana ta taɓa wurin." Na ce, "Baba, ka tabbata ita ce?" Ya ce, "Jira dai." Na kafa madubi a kan ganyen bado, ba komai sai ruwa. Can sai ganye ɗaya ya motsa, kai ya ɓullo, ja kamar an shafa masa man ja, ruwa yana gangarowa ta baki. Ya juyo, sai ga idon, fari kamar ƙwayar shinkafa a kan jan ƙyalle. Ya yi iyo kaɗan, ya ba ni baya na ga farin ƙasan wutsiyar, ya sake nutsewa. Na daɗe ban sauke madubin ba, hannuna yana rawa. A raina ina ta jujjuya cewa wannan ɗan abin ya ratsa teku da hamada ba guzuri ba jagora, ya sauka a nan. Tasbihi kawai na iya yi.

Mataki na takwas: rubuta kafin ka manta

Nan take, tun kafin ka buɗe hoton waya ka gwada, rubuta abin da idonka ya gani: kwanan wata, ƙarfe nawa, wane ɓangare, guda nawa, launi, abin da take yi. Idan ka fara duba hoto, zuciya za ta ƙara maka abin da ba ka gani ba. In kana son hoto ba ka da babbar kyamara, ɗora idon kyamarar waya a kan gilashin madubin, wani ya riƙe maka. Ba zai yi kyau sosai ba, amma shaida ce. Babban garke kuma ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya: ƙirga goma, ka ga girman wurin da suka ci, sai ka riƙa aunawa goma-goma, ko ɗari-ɗari.

Wannan rubutu yana da amfani fiye da yadda kake zato. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanan inda ake ganin kowane tsuntsu a Nijeriya, kuma 'yan sa-kai ne suke turawa ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma wata manhajar irinta, eBird. Duk watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, har da wannan fadama. Idan ka ga zobe a ƙafar wani tsuntsu, musamman farar shamuwar Turai, yi ƙoƙari ka karanta lambar da launin, domin da irin wannan ake gane hanyar da suke bi. Turawa kansu sun daɗe suna gardamar inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi, har a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Tana nan ajiye a jami'ar Rostock.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka wallafa takamaiman lungun da ka gan ta a Facebook. Ba masu kallo kaɗai ke karantawa ba. Ka ce Dagona, ya isa. Haka nan kada ka ba yara kuɗi su kora maka tsuntsaye don hoto, kada ka sayi wanda aka kamo ko da da niyyar saki ne, domin gobe za a kamo biyu. Idan ka ga mataccen tsuntsu ko mai layi, kada ka taɓa, ka gaya wa ma'aikatan gandu. Murar tsuntsaye ba wasa ba ce, masu kiwon kaji ba su manta da ɓullarta a jihar Kaduna a 2006 ba.

Mataki na tara: tsakar rana da komawa

Daga wajen ƙarfe sha ɗaya zafi yakan sa iska ta riƙa rawa a saman ruwa, gilashi ya daina nuna abu sarai, tsuntsaye su lafa. Koma inuwa, ka ci abinci, ka yi azahar, ka kwashe ledojinka da robobin ruwa. Idan da safe ba ka dace ba, akwai dama ta biyu bayan la'asar, sai dai yanzu ta yammacin ruwa za ka tsaya. Amma ka yanke lokacin tashi tun da wuri, yadda za ka shiga gari kafin magariba, ko an gani ko ba a gani ba.

Kafin ka shiga mota, sallami ɗan jagora da mai kwalekwale da kyau, ka nuna musu hoton da ka ɗauka, ka karɓi lambarsu. Idan ba ka gan ta ba, ka bar musu hotonta a waya, ka ce su kira ka ranar da ta fito. Ni haka aka yi mini a karo na uku: ana sallar isha'i waya ta yi ƙara, aka ce guda huɗu suna bakin bado tun shekaranjiya. Washegari da hantsi ina tashar mota.